Gansakuka

Shekara talatin da huɗu ina yasar rijiya,
daga cikin birnin Daura har ƙauyukan bayan Zango,
igiya a ƙugu, ƙoƙo a hannu,
abokin gābana guda ne:
koren santsin nan da ke lafe wa bangon ruwa.

Na kankare shi da farce, na kankare da sakaina.
Shi ya kayar da ni a rijiyar gidan Sarkin Aska.
Har yau gwiwar hagu ba ta yafe ba,
tun kafin kwaɗi su fara, ita ke gaya mini hadari na zuwa.

Sai ga Barira, autata,
wadda na sayar da tumaki biyu don kuɗin jarrabawarta,
ta sauko daga motar Katsina da la'asar sakaliya,
kwalba naɗe a gyale kamar jinjirin kwana bakwai.
Na leƙa. Kore shar.
Na ce, "Ke! Abin da na ƙare ƙarfina ina kora,
shi kika je jami'a kika koyo kiwatawa?"

Ta yi dariyar uwarta, mai rufe ido ɗaya.
"Baba, zogale kore, tumfafiya kore,
wa ka taɓa gani ya kaɗa miyar tumfafiya?
Na kududdufi, bar shi, wani ma akuya yake kashewa.
Wannan a ruwan kanwa muka rene shi,
irin wanda matan bakin Tafkin Chadi
ke tacewa, su shanya a rairayi,
su zuba wa mai jego a miya tun kaka da kakanni.
Yana da abin gina jiki, yana da abin ƙara jini."

Na ce, "To, ciwon sukarin Liman fa? Hawan jinin Gwaggo Tasalla?"
Ta girgiza kai.
"Muna aunawa tukuna.
Mai lasifika a tasha ne maganinsa ke warkar da cuta arba'in.
Mu, sai mun ƙirga, mun sake ƙirgawa."

Sannan ta zaro wani daga leda,
baƙi, siriri, kamar kilishin da aka manta a rana.
"Wannan ganyen teku ne, daga nesa ya zo.
Cikinsa akwai sinadarin da ake sa wa gishirin leda,
wanda rashinsa ke kawo maƙoƙo.
Kaɗan ake ci, yawansa ma ɓarna ne."

Nan ta yi shiru. Ni ma na yi.

Kuluwa, shekara ashirin kina ja mayafi zuwa haɓa.
Mun sha rubutu, mun ɗaura laya, mun je har Maraɗi.
Tsakiyarki ta aure tana nan a ƙasan adaka,
tun ranar da ta daina kewaye wuyanki.
Ban taɓa ganin teku ba, ke ma haka.
Ashe akwai ganye a can, yana ta rausaya ƙarƙashin ruwa,
mu muna nan muna zargin maƙwabta.

Na gutsura. Ƙarni,
kamar hannun masunta in sun dawo daga Daberam.
Na haɗiye don kada in kunyata digiri.

Da dare ta barbaɗa garin koren a miyar kuka,
kore ya shige cikin kore, babu mai tona asiri.
Jikoki suka suɗe kwano har da neman ƙari.

Jiya Ɗan'azumi ya kira ni in duba masa rijiya.
Ba na sauka yanzu, yaro nake nuna wa.
Na ga santsin nan a wuyan ramin, yana sheƙi.
Na ce wa yaron, "Kankare shi tas, wannan ba na ci ba ne."
Amma zagin da na saba yi masa
ya zo bakina, ya tsaya,
ya koma.