Shafi na Uku

Ƙarfe huɗu na asuba na isa gaɓar Ancud,
ruwan sama na sauka a karkace, takalmina ya sha ya ƙoshi.
Teku ta yi ja, kamar an wanke wuƙa a ciki,
kifi ya kwanta ciki sama
tun daga bakin gada har inda ido ya gaza.

Eliseo Barría na zaune kan kwale-kwalen da ya kife.
Shekara arba'in da ɗaya yana jan koma,
bai taɓa jin irin wannan wari ba, in ji shi.
Ya ɗaga kifi ɗaya ta wutsiya, ya nuna mini,
ya mayar a hankali kamar mai kwantar da jariri.
Alƙalamina ya ƙi kama jiƙaƙƙiyar takarda,
sai ya ara mini fensirin da yake lissafin bashi da shi.

Da dare na rubuta. Mu uku ne a jaridar:
ni, da Ulises mai hoto, da murhun ɗumama ɗaki mai tari.
Barci ya ci idona, na sa Barrios a gurbin Barría,
na saki labarin sha biyu saura.

Akwai yarjejeniya tsakaninmu da manyan Santiago:
abin da muka saki, bututu ya zuƙe ya kai musu.
Minti huɗu ya ɗauka.
Daga can ya tsiyaya gida goma sha tara,
kowa ya kafa masa hularsa,
ya kewaye shi da tallan katifa da na inshora.

Da safe na ga kuskuren,
na gyara kafin shayina ya huce.
Nawa kaɗai ya gyaru.

Na buga kanun a injin bincike.
Na farko, Santiago. Na biyu, wanda ya kwafi Santiago.
Na uku, wani gidan da ko teku babu a garinsu.
Na gangara, na gangara, yatsana ya gaji,
sai a shafi na uku na tsinci kaina,
can ƙasa, inda ko mai neman ɓataccen akuya ba ya leƙawa.
An ce mai wuri ya zo, mai tabarma ya naɗe.
Ga ni na zo. Ba wanda ya motsa.

Wani saurayi masanin na'ura ya yi mini bayani ta waya:
injin ba ya ƙin ki, ƙirga kawai yake yi.
Wa aka fi nunawa da yatsa, ƙofar wa ta fi faɗi,
wa ya fara cin karo da shi a hanya.
Akwai alamar da za su liƙa, mai cewa asalin na wurinki.
Na rubuta musu sau uku.
Amsa ta zo: mun gode da tuntuɓarmu.

Ranar Laraba Marisol ta shigo ofis, 'yar Eliseo,
gashinta na ɗiga, wayarta a hannu.
Ma'aikatar agaji ta nemi shaidar asara,
ta buga sunan mahaifinta domin ta nuna musu.
Injin ya tambaye ta cikin ladabi:
ko Barrios kike nufi?

Goma sha tara sun ce Barrios, ɗaya ya ce Barría.
Na rasa bakin da zan ce mata
ƙaryar tawa ce, gaskiyar ma tawa ce,
ƙaryar dai ce ta samu mota.

Na buga mata gyararren a takarda, na sa hannu,
Ulises ya danna hatimin da ya kusa bushewa.
Ta ninke, ta cusa cikin riga saboda ruwa.

Fensirin na nan a aljihuna.
Gobe zan kai masa, in kifin ya bar hanya.