Mai Farke Sunaye

A watan Maris nake wasa rezata.
Ƙanƙara na narkewa a bayan ɗakin wanki,
gonakin masarar Iowa na kwance baƙi ƙirin,
ni kuma ina ƙarƙashin filin ƙwallon kwando
da riguna goma sha uku a cinya.

Shekara ashirin da shida ina ɗinka sunaye a bayan samari.
A da, suna kan yi shekara huɗu a riga
har haruffan su koɗe, har in san
mai manta cingam a aljihun wando,
da mai shiga banɗaki ya yi kuka in an ci mu.
Yanzu zare bai gama kwanciya ba,
yaro ya sauya sheƙa.

Pruitt ya tafi ran Talata.
Bai yi sallama ba, wayarsa ce ta yi.
Wata babbar jami'a a kudu ta ce ga kuɗi, ga mota,
ga fili mai cin mutum dubu goma sha takwas.
Namu dubu biyu ne, in an haɗa da masu busa.
Ban ga laifinsa ba.
Uwarsa na aikin dare a wani asibiti a Gary,
na ga hannuwanta ranar da ta kawo shi.
Harafi shida. Na farke su a hankali
kada in ji wa rigar ciwo.

A sama, Koci Haldorsen na gaban farin allo,
kofi ya huce, ido ya kaɗa.
Yana ta faɗin amana, amana,
wai yaran yanzu ba su san gida ba.
Na yi shiru. Laifi tudu ne,
shi kuwa a kan nasa yake tsaye da takalmi.
Ko jiya ya kira Deaver ofis,
Deaver mai gurguwar gwiwa, mai fara tafi daga benci,
ya ce masa, nemi inda za ka samu wasa, ɗana,
gurbin karatun nan akwai mai shi.

Mai shi yana Novi Sad.
"Loretta, kansa na taɓa saman ƙofa,
na gan shi a bidiyo, minti huɗu."
Na ce, "Harafi nawa?"
Ya ƙirga da yatsa. "Sha ɗaya."
To, Allah ya sa kafaɗar da faɗi.

Deaver ne kaɗai ya sauko.
Ya kawo safa uku da ba a tambaye shi ba,
wankakku, a naɗe.
Ya tsaya kusa da injin busar da kaya yana jin ɗumi,
ya ce ko zan bar masa D ɗin.
Na ce ba a bayarwa, kayan makaranta ne.
Na juya baya na daɗe ina neman almakashi.

Ina da gwangwanin biskit.
Nan haruffa ke kwana, na wanda ya gudu da na wanda aka kora,
a cakuɗe, ba mai gaba da wani.
Kuɗin kaya bai kai a sayi sababbi ba,
don haka in kaka ta zo zan zazzage su a tebur:
R da I daga Pruitt,
A da V da E daga Deaver,
D sai na yanka sabo.
Radivojevic zai shiga fili a Nuwamba
yana ɗauke da mutum biyu da bai taɓa gani ba,
ɗalibai su miƙe suna koyon kiran sunansa.

In an tashi, rigar za ta dawo mini jiƙe.
Kafin in jefa ta a inji nakan ɗaga ta saitin fitila.
Ramukan allura ba sa rufewa.
Lamba goma sha huɗu,
ina iya karanta mutum biyar.