Allon Gidan Burodi

Shekara talatin da ɗaya allon nan yana rataye
a ƙofar gidan burodina, nan Zongo,
haruffa huɗu da jan fenti: PAIN.
Marigayi Kanta mai zane ya rubuta shi,
na biya shi da burodi goma sha biyu
don ran nan ko dala babu a aljihuna.

Daren jiya jikana Ma'azu ya zo da kayensa
yana bitar Ingilishi a hasken tanderu.
Ya ɗaga kai, ya dubi allon, ya tuntsire da dariya.
Kaka, ka san abin da kake sayarwa?
A bakin Faransa burodi ne,
a bakin Ingila kuwa ciwo.

Na dubi bayan hannuwana,
tabon wuta bisa tabon wuta,
na ce, yaro, ashe su ma sun taɓa kwaɓa fulawa.

Ya buɗe wani shafi.
Well, in ji shi, rijiya ce.
Well kuma lafiya lau.
In an gaishe ka ka ce I am well,
kamar ka ce ni rijiya ne.
Nan na ajiye itacen da nake turawa wuta.
Mu da muka girma bisa duwatsun Damagaram,
mu da muka san layin jarka tun kafin asalatu,
famfo ya yi tari sau biyu ya yi shiru,
wa zai koya mana wannan?
Wanda ya haɗa ruwa da lafiya a kalma guda
ko bai taɓa zuwa Birni ba, ya san ƙishirwa.

Bank, inda ake ajiye kuɗi,
bank, gaɓar kogi.
Na ce wannan dai ba tamu ba ce, wuce,
ba ni da ajiya, ba mu da kogi.
Spring, ya ce, marmaro ne,
kuma lokacin da itatuwa ke toho a ƙasarsu,
kuma ƙarfen nan da ya karye wa Sha'aibu
a kamyonsa kan hanyar Magarya.
Kalma ɗaya da kaya uku,
kamar jakin ɗan garuwa ran kasuwar Dole.
Ba ta gajiya? Ya ce mushe bai faɗa ba.

Sai ya zo kan wata, muryarsa ta sauka.
Left.
Hagu ke nan, Kaka.
Kuma ya tafi.
Kuma abin da ya rage.
Ya karanta jimlar da aka ba su su cike:
My father left.
Bai fassara ba. Ban ce ya fassara ba.
Lawali ya hau mota a tasha, damina shida ke nan,
ya ce Kumasi, ya ce wata uku.
Na tuna ta tagar hagu ya miƙo hannu.
Abin da ya rage kuwa ga shi zaune gabana,
da biro a baki, da goshin ubansa.

Kullun ya tashi, yana numfashi a ƙarƙashin buhu.
Na yanka, na murza, na jera a faranti.
Ma'azu ya yi barci bisa kayensa,
kumatunsa a kan kalmar da bai gama ba.

Ya ce in sa a goge allon, a rubuta da Hausa.
Ba zan goge ba.
Ladan ya yi gyaran murya a masallacin bayanmu,
Cima mai shayi za ta aiko a karɓi ashirin,
masu zafi, na farkon fitowa.
Duk wanda ya zo ya karanta da harshen da ya iya,
allon bai yi wa kowa ƙarya ba.