Littafi na Bakwai

Tun da yana ta rufe idon Inna
ni ce bakin littafinta.
Bayan isha, a tsakar gidanmu na Ƙofar Dumi,
fitilar caji a kan turmi,
in buɗe, ita kuma ta miƙe ƙafa.

Na farkon, ta karanta shi ban zo duniya ba.
Haya ake bayarwa a Wunti, kwana biyu naira biyar.
Baba ne ya karɓo mata,
ya ce wa mai rumfar na ƙanwarsa ne.
Ba shi da ƙanwa.
A ciki Sa'adu ya tsaya cikin ruwan Agusta
a ƙofar su Rakiya har assalatu,
takalminsa ɗaya ya bi kwata.
Wata uku Inna ta riƙe littafin,
tara ta ninka kuɗin sayensa,
Baba ya biya, bai ce uffan ba.

Yanzu muna na bakwai.
Marubuciyar ta koma kan 'ya'ya:
Nafi'u mai karatun likita
da wata Zuwaira da ba ta ɗaga waya.
Shafi arba'in suna gaba ta saƙo,
ba ruwan sama, ba takalmi.

"Ina Rakiya?" in ji Inna.
Na juya, na juya.
Ga ta a shafi na sittin da biyu,
ta shigo da tiren masa tana dafe da gwiwa,
ta ce, "Ku ci da zafinta," ta fita.
Layi uku, iyakar rabonta ke nan.
Sa'adu kuwa siminti yake sayarwa a titin Jos,
yana haɗiyar ƙwayar hawan jini,
ba a tuna shi ba sai da maganar lefe ta taso.

Na ce, "Wallahi an zalunce su."
Inna ta yi dariya har da tari.
"Yarinya ke nan. To da me kike so ta shigo?
Wanda ruwa ya gama duka
shi ke riƙe wa na baya laima."

Ta yi shiru, ta daɗe.
"Koma ki sake mini. A hankali. Wajen gwiwar."
Na sake.
"Kin ji ko? Ta hagu ta dafe.
Ita ta buge a na biyu,
ran da ta faɗi a tashar jirgi da wasiƙa a hannu.
Matar nan ba ta manta ba."
Ta shafa tata gwiwar
kamar mai gaida tsohuwar ƙawa.

Wayata ta yi gurnani a ƙarƙashin zane.
Inna ba ta gani, amma kunnenta garau.
"Wannan mai kiran naki ƙarfe tara,
yana da takalmin da zai iya bar wa kwata?"

Na rufe littafin a kan yatsana.
Ban amsa mata ba, ban amsa masa ba.
Can a madafa ƙullun masar gobe
yana ta tashi shi kaɗai cikin duhu.