Tafinta

Ƙarfe takwas na safe a kotun Jidda,
na'urar sanyi tana nishi kamar tsohuwar akuya.
Aikina ɗaukar magana ne daga baki zuwa baki,
ɗibar ruwa a tafin hannu:
kome kulawata, sai wani abu ya zube.

Yau Tsahare ce, 'yar Ƙauran Namoda.
Abayar jikinta ta aro ce, tana sharar ƙasa.
Alƙali ya ce in tambayi sunanta.
Ta ce, "Wanne? Na gida ko na fasfo?"
A fasfo shekararta talatin da biyu,
ita kuwa ba ta rufa ashirin ba.

Umara aka ce za ta yi,
sai ɗan aikin wata uku, ta sayi keken ɗinki ta koma.
Ka'aba kam ta gan ta,
a jikin kalanda, a bangon kicin.
Wata goma sha tara tana goge bene hawa uku,
albashi yana zarcewa hannun Hajiya Baturiya,
wai kuɗin jirgi, wai kuɗin biza, wai na masu hanya.
Ta ce, "Bashi ne, ana biyansa yana ƙiba."

Na juya shi zuwa Larabci.
Ƙibar ta ƙi juyuwa, na ce yana ƙaruwa.
Allah ya yafe mini, na rage wa maganar nauyi.

Lauyan Hajiya ya miƙe da takarda:
ga dangwalen yatsanta, da yardarta ta zo.
Alƙali bai ko ɗago kai ba.
Ya ce doka ta riga ta amsa wannan,
yardar wanda aka yi safararsa ba ta wanke mai safara.
Na faɗa mata da Hausa.
Ta dubi babban yatsanta, ta daɗe tana dubansa,
kamar ɗan da aka wanke daga zargin sata.

Ya karanto abin da doka ta tanada:
ɗauri har shekara goma sha biyar,
ko tara har riyal miliyan ɗaya, ko a haɗa biyun.
Hajiya tana jin Larabci sarai,
amma ta dube ni ta ce ita ma a fassara mata.
Na san ta. Na ci waina a gidanta ran sunan jikanta.
Harshena ya yi nauyi.
Na faɗa, ban tsallake ko riyal ɗaya ba.

Sai abin da ya shafi Tsahare:
likita zai duba ƙunar da ke damtsenta,
akwai gidan da za ta zauna,
ba mai ƙwanƙwasa mata ƙofa da tsakar dare,
kuma dole a sanar da ita haƙƙinta cikin harshen da take ji.
Nan na ɗan tsaya.
Ashe ni ma ina cikin dokar,
layi ɗaya ne ni a tsakiyar shafi.

Kakana da ƙafa ya zo ƙasar nan,
shekara bakwai, yana noma yana gaba, har Sawakin.
A bakin teku aka raba shi da ƙanensa,
wani ya taya yaron kamar yadda ake taya rago.
Ran nan babu tafinta.
Har ya rasu yana leƙa fuskokin mutane a Harami.

An ɗage shari'a zuwa Talata.
A baranda ta tsayar da ni.
Ba ta tambayi ɗaurin Hajiya ba, balle miliyan.
Ta ce, "Malam, za a gyara mini shekaruna?
Innata ta san lokacin da ta haife ni,
damanar da fari suka cinye gero."
Na ce zan tambaya.
Babu takarda a kusa, na rubuta a bayan hannuna,
na fita cikin ranar Jidda
ina kare rubutun daga gumi.