Tocilar Ban-ruwa

Layin ruwana ya faɗo tsakar dare,
haka sarkin noma ya raba.
Tsohuwar tocilata kuwa ta mutu tun kaka,
batir ya yi mata aman gishiri a ciki.
Sai na hau keke, sai kasuwar Auyo.

Sallau ya baje su a tebur
kamar mai tallar ƙananan kifi:
baƙa, ja, da wata shuɗiya mai zobe,
ba wadda ta kai tsawon tafin hannu.

Ya ɗauki baƙar, ya ce, "Matso, Tanimu."
Ya cusa ta cikin hularsa don ya sami duhu,
ya danna.
Haske ya tsattsafo ta ramukan zare
kamar an kama walƙiya an ɗaure.
"Da wannan, daga bakin gonarka
za ka ƙirga ƙahon shanu a tsallaken kogi.
Batirinta a ciki yake, ba a cirewa,
da igiyar waya ake ba ta abinci."
Na ce, "Sau nawa take ci?"
Ya sosa ƙeya.
"In ka sakar mata ido duka, awa biyu.
In ka rage, ta raka ka har asuba."
Mu da wutar gwamnati ba ta san hanyarmu ba,
caji sai shagon Ɗanlami mai sola,
can ma bayan wayoyin samari.

Jar batir ɗaya take ci, ɗan siriri,
irin wanda ko mai shayi yana ajiyewa.
Haskenta ba ya dogon zango,
taku goma, sha biyu, ya gaji.
Amma in ya mutu ka zare ka sa wani,
ba sai ka gai da kowa ba.

Shuɗiyar, batir uku kamar maɓallan riga,
ta neman takalmi ce a ƙofar masallaci.
Ban ko taya ba.

Aljihu ya ce ja, ido ya ce baƙa.
An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima.
Nawa, ranar, bai sani ba.

Daren farko na haska kan giginya,
na tashi jemagu, na haska gajimare,
har Barau maƙwabcina ya yi kira,
"Wane ne nan, ko sojoji ne?"
Ƙwari kuwa duk na fadamar
suka zo gaisuwa a fuskata.

Dare na huɗu Ɗanlami ya tafi biki Kafin Hausa,
ya tafi da makullin shago.
Ina tsakiyar buɗe wa albasa ruwa,
ƙafa cikin laka har ƙauri,
ta ƙifta sau uku
kamar mai neman gafara,
ta yi shiru.
Ruwa na gudu, ban san inda ya nufa ba.
Wani abu ya motsa a ciyawa, dab da ni.
Na karanto duk abin da na haddace.

Can sai ga ɗan haske yana tafe a kan kunya,
ƙanƙane, yana rawa.
Barau ne, jar tocila a bakinsa,
hannu biyu a kan fartanya.
Ya haska ciyawar.
Kwaɗo.
Bai ce komai ba, bakinsa a cike yake,
amma na ga kafaɗunsa suna dariya.

Kasuwa ta zagayo na sayi jar,
da batir huɗu a ƙullin leda.
Baƙa a aljihun dama don shanu da nesa,
ja a hagu don abin da ke gaban ƙafa.

Sati bai cika ba Ladidi ta ɗauke jar,
wai akurkin kaji, wai kunama a bayan randa.
Baƙar kuma tana gun Ɗanlami, tana jiran layi.

Jiya da isha na daɗe a ƙofar masallaci
ina laluben takalmina da ƙafa,
ina tunanin shuɗiyar nan.