Igiyar Awo

Shekara talatin da takwas ina birkila a Jos,
daga Gangare har Tudun Wada
ba bangon da ya karkace a hannuna.
Da aka cire mini yanar ido
mako uku na yi ina cika baki:
na ga tsagar duwatsun Shere,
na ƙirga furfurar Ladidi, ta ce in bari.

Sai wata safiya ƙofar ɗakina ta yi ciki.
Turken lantarki ya rusuna kamar mai gaida suruki.
Na saki igiyar awo, wadda ba ta taɓa mini ƙarya ba,
ita ma ta lanƙwashe a tsakiya.
Na zagi yarona Tanimu a kan layin bulo.
Layinsa daidai yake. Har yau ban ba shi haƙuri ba.

Wata biyar ina ɗiga magani,
na safe, na azahar, na kwanciya,
kwalabe sun cika gwangwanin ƙusa.

A Lamingo likita ta juyo mini da hoton.
Ta ce, Baba Jatau, ga tsakiyar ganinka,
nan ya kamata ya kwanta, ga shi ya kumbura.
Na duba: tudu ne da ruwa kwance a cikinsa,
kamar kududdufan da masu haƙar kuza suka bari.
Na ce, to a haƙa lambatu.
Ta yi dariya, ta ce dashe za a yi,
ɗan abu bai kai ƙwayar shinkafa ba,
zai zauna ciki yana narkewa,
yana ba da magani kaɗan kaɗan har watanni.

Ni da ba na tsoron bene hawa huɗu
na riƙe ƙarfen gado kamar yaro.
Ta ce dubi sama. Na ji an danna. Shi ke nan.

Kwanaki ina ganinsa yana yawo a gefe,
ɗan baƙin sanda, lebura ba albashi.
Duk wata ina komawa a auna matsin ido,
an ce ruwan kan dawo, ba a yi mini alkawari ba.

Jiya na rufe na hagu, na saki igiyar a bakin ƙofa.
Ta sauko, ta sauko,
ta ɗan yi gargada wajen sakata,
ta miƙe.

Gobe zan bi ta gidan su Tanimu.